Rakiyar Ruwan Rijiyarmu Zuwa Zariya

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A coci, a wurin niƙa, har a gidan suna, kowa sai ya tare ni: "Maman Rifkatu, wai da gaske ruwa kika raka Zariya?" Matan zumunta kuwa sun mayar da ni abin tsokana, wai wasu amarya suke rakawa, ni kwalba. To, da gaske ne. Bari in faɗa sau ɗaya tun daga farko, bakina ya huta.

Ga wanda ba ɗan Ƙarfi ba, gidanmu yana bayan wani tsohon gidan mai da ke bakin hanya. Tankinsa na ƙarƙashin ƙasa ya huje, ya yi ta yoyo shekara da shekaru ba wanda ya sani, sai da ruwan rijiyoyin unguwa ya fara warin fetur. Hukuma ta zo ta sa aka rufe rijiyoyin, ta tilasta wa mai gidan man ya gyara ɓarnarsa. Aka tono tankin, aka kwashe ƙasa, aka kakkafa siraran bututu ana hura iska a ciki da inji. Bana suka ce aiki ya ƙare, saura a auna ruwan a buɗe mana.

Ni kuwa ina da tawa damuwar. Ɗiyata ta fari, wadda ke aure a Tsiga, cikinta ya tsufa. Haihuwar fari a gida ake yi, uwa ce ke yi wa ɗiyarta wankan jego, safe da yamma, da tafasasshen ruwa cike da babbar tukunya. Wannan ba aikin 'yan jarkokin da muke jigila daga famfon bayan kasuwa ba ne. In an buɗe rijiya, ta zo gida. In ba a buɗe ba, uwar mijinta, Mama Asabe, ta riga ta faɗa mini cewa su rijiyar burtsatse a ƙofar gidansu take, ba sai an wahalar da yarinya ba. Da murmushi ta faɗa, ni ma da murmushi na amsa, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Da aka ji cewa a Zariya za a auna, kuma a motar mai gidan man za a kai ruwan, sai unguwa ta zauna. Wa ya san abin da za a yi a hanya? A zubar da namu a ɗura na kanti, a dawo a ce mana lafiya lau. Mai unguwa ya ce a samo mutum ɗaya wanda bai yarda da kowa ba ya bi su. Sai na ga kowa ya juyo yana dubana, har da mijina.

Na yi 'yan kwanaki a Tsiga, na dawo jajibirin awon. Washegari da hantsi mai awon ta iso. Na zaci wani ƙato zan gani da hular kwano, sai ga wata siririyar mace cikin hijabi, Malama Hadiza. Tare da ita akwai Malam Tanimu, wakilin mai gidan man, mutumin da haƙoransa ba sa rufuwa. Tun daga gaisuwarsa na sa masa ido, don fara'ar ta yi yawa.

Ba da guga ta ja ruwan ba. Wata siririyar tiyo ta zura har gindin rijiya, wani ɗan inji yana tsotsowa a hankali, ba ƙara ba kumfa. Kwalabenta ƙanana ne kamar na turare. Sai ta cika har ruwa ya yi tozo a baki, ta rufe, ta kifa, ta ƙwanƙwasa da farce. In ta ga ɗan kumfan iska ko da bai kai ƙwayar riɗi ba, sai ta zubar ta sake.

Na ce, "Malama, wannan zubarwar fa? Wanne ne ba ku so a gani?"

Ta yi dariya. "Mama, iskar da ke narke a cikin ruwan muke nema. In ta waje ta shiga, ta ɓata mana lissafi."

Ta yi mini bayani, kuma na gane. Akwai wasu ƙwayoyin halitta a ƙasa da ido ba ya gani, su ne ke cin fetur ɗin. In suna ci, sai su shanye iskar da muke shaƙa da ke cikin ruwan, su saki wata irin wadda ke tashi daga ruɓaɓɓen juji. Muddin ruwa ba shi da iska mai kyau, kuma yana ɗauke da waccan, to da sauran fetur a ƙasa. Na ce kamar ƙullu ke nan, in yana tsattsafo kumfa bai gama tsami ba. Ta ce haka ne.

Ta ɗiba a rijiyarmu, ta ɗiba a bututun da aka kafa a bayan katangarmu, ta zaga sauran gidaje. Amma a tamu na lura da wani abu. Ta tsoma wani ɗan sanda mai waya a ruwan, ta dubi agogonsa, ta haɗe gira, ta sake tsomawa. Na tambaye ta, ta ce sai an je Zariya. Na ce a raina, an fara. Na shiga ɗaki na ɗauko jan zare a keken ɗinkina, na ɗaura a wuyan kowace kwalba tamu da irin ƙullin da ni kaɗai na iya.

Aka jera su a kula. Malam Tanimu ya buɗe but, ya kuma buɗe mini gidan gaba. "Mama, ke ce babba, ki miƙe ƙafa." Na ce na gode, ni da kula a baya za mu zauna, a kan cinyata.

A Malumfashi muka tsaya sayen ƙanƙara. Malam Tanimu ya ɓace, ya dawo da balangu a takarda da lemon kwalba, ya miƙo hannu zai tura lemon a kula ya yi sanyi. Na dafe murfin. Malama Hadiza ta ce masa kular nan ba a buɗe ta sai da dalili. Ya ce haba, ta ce a'a, har murya ta ɗan tashi. Ni dai ina kallonsu ina cewa, wannan faɗan ma ƙila a gida suka shirya shi don in saki jiki. Naman kuwa na ci, don ban ga ta inda balangu zai canza awon ruwa ba.

Kafin Bakori mota ta ɗau zafi, hayaƙi ya turnuƙe gaba. Direba ya buɗe lagireto ya tarar ba ɗigo, ba kuma jarka a but. Sai ya leƙo ta taga yana duban cinyata.

"Mama, ƙanƙarar nan ai ta fara narkewa. A ɗan tsiyaya mini."

"Ɗana, ga gona can ana ban ruwa. Ƙafarka lafiya take."

Ya tafi yana gunaguni, ya daɗe. Wani mai tumatir da ke bakin hanya ya kawo mana benci, ya zauna yana yi mini tambayoyi har sai da ya gano cewa ƙanwar kakarsa a Ƙarfi ta yi aure. Daga nan ya ce lalle mu 'yan'uwa ne, ya cika mini leda da tumatir. Shi kaɗai ne ban zarga ba a tafiyar nan, shi ma sai da na duba ƙasan ledar.

Ba mu shiga Funtua ba sai bayan la'asar. Direba ya rantse ba zai hau hanyar Zariya da yamma ba, kowa ya san dalili. Na san gaskiyarsa, amma raina ya ce mini ga inda za a yi musayar. Malama Hadiza ta ce gwaggonta tana nan cikin gari, mu sauka can, mazan su nemi masauki.

Gwaggon, wata Hajiya ce mai jiki da son baƙi. Gidansu ba kamar namu ba ne, inda maƙwabci zai shigo har madafa yana tambayar gatari. Can namiji iyakarsa zaure. Kuma mu in baƙo ya zo, tare muke sa hannu a kwano, su kuwa ɗaki guda aka ware mini, aka jere mini kwanoni, aka ja labule aka bar ni ni kaɗai da tuwon shinkafa da miyar taushe. Da fari na ɗauka don ni Kirista ce. Daga baya na ga haka aka yi wa Malama Hadiza, ashe girmamawa ce, kada baƙo ya ji kunyar cin ya ƙoshi. Na ci na ƙoshi kuwa.

Hajiya ta ga ko bayan gida zan je da kula nake tafe, ta kasa haƙuri. Ta rage murya ta ce, "Baiwar Allah, ruwan addu'a ne na cocinku? In na haihuwa ne, ina da wata jika." Na ce ruwan rijiya ne. Ta dube ni da tausayi, ta ce a kawo ta sa a firiza. Malama Hadiza ta ce a'a, zai daskare kwalaben su fashe, sabuwar ƙanƙara kawai za a ƙara. A gabana aka ƙara, ina ƙirga jajayen zarena da ido. Da zan kwanta, da ɗankwali na ɗaure hannun kular a ƙafata.

Da safe ina shan koko sai ga wayar mijina, Baban Rifkatu. Muryarsa wasai.

"Yaya baƙuwar? Ta yaba rijiyar kuwa?"

"Yabo kuma? Awo ta zo yi."

"Ai mun sha aiki. Ban gaya miki ba don kada ki fara surutunki. Da kina Tsiga, ni da Malam Sule maƙwabci muka ɗaga murfin, wayyo, ganye da matattun ƙadangaru. Na ce ma'aikatan gwamnati za su zo su ga wannan a gidana? Muka tara gayya muka yashe ta tas."

Na ajiye ludayi. "Sai kuma me?"

"Sai ruwa ya ƙi tasowa da wuri, kin san rani. Baƙo ya zo ɗibar ruwa ya tarar da taɓo? Ai da kunya. Muka ɗauko duro-duro daga famfon bayan kasuwa a amalanke muka juye. Kin ga yadda ya yi garau."

Ban san lokacin da na kashe wayar ba. Na hana direba, na hana Malam Tanimu, na kwana da kula a ƙafa, ashe musayar da nake tsoro a tsakar gidana aka yi ta, kuma ba da mugunta ba. Mutumin da in fasto zai zo sai ya share har bayan rumbu, shi ne ya yi wa rijiya shara. Na dubi kwalaben da jan zarena a wuya. Ruwan famfon bayan kasuwa na rako.

Sai kuma wani tunani ya zo mini, ba zan ɓoye ba. Wannan ruwan ai lafiyarsa ƙalau. In na yi shiru, inji zai ce rijiyarmu ta warke, a buɗe, yarinya ta zo gida. Ba ni na zuba ba, ba kuma wanda ya tambaye ni. Na ɗauki kula na shiga mota, na ɓoye zancen.

A kan iyakar Katsina da Kaduna akwai shingen bincike. Wani jami'i ya leƙo, ya ga tsohuwa rungume da kula, ya ce a buɗe. Da ya ga ƙananan kwalabe a jere, wasu da zare a wuya, idonsa ya yi haske. Ya ce kayan maye ne. Malama Hadiza ta nuna masa katinta, ya ce kati ba ya hana bincike. Kafin a ankara ya ɓalle murfin ɗaya ya kai hanci.

Na ce, "Yallaɓai, ka ji me?"

"Ban ji komai ba."

"To abin da ka saki ɗin nan, shi muka taso tun daga Ƙarfi mu kai Zariya."

Ya dubi kwalbar, ya dubi sama, kamar zai ga abin yana tashi. Abokan aikinsa suka fashe da dariya, ya ce mu wuce. Allah ya taimaka Malama Hadiza bibbiyu take ɗiba daga kowane wuri. Ni kuwa, duk da na yi masa tsiya, na ga kwalbar da ya buɗe ta rijiyarmu ce, kuma na san dalilin da bai ji komai ba.

Bayan mun wuce Giwa na matsa kusa da ita. Na ce, "Malama, a ce ruwa yana da ɗan sauran abin nan. In ba sha za a yi ba fa, wanka kawai?"

"Da ruwan sanyi ko na zafi?"

"Na zafi. Irin na jego."

Ta juyo ta dube ni sosai. "Mama, wannan ya fi shan ma muni. Abin da ke narke a ruwan, zafi ne ke tayar da shi. Mai jego tana zaune cikin tururi safe da yamma, duk a ƙirjinta zai sauka. Daga nan ta fito ta ɗauki jariri." Ta koma ga wayarta. Ni kuma na koma kallon taga, amma ban ga komai a hanyar ba har muka shiga Zariya.

Wurin awon wani dogon ɗaki ne mai sanyi kamar cikin randa. Mutanensa ba sa gaisuwa. Na ce wa wani ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, ya ɗaga mini hannu ɗaya ya wuce. Aka sa mini farar riga a kan zanena, aka ba ni kujera. Na ce ba zan zauna inda ba na ganin zarena ba, aka matso da ni. Ba sa buɗe kwalbar ma. Allura suke sokawa ta murfin, su zuƙo, su tsira wa wani inji, shi kuma ya yi ta zana tsaunuka a allon talabijin. Aka daɗe. Malam Tanimu ya fita ya shigo, ya fita ya shigo.

Da rana ta karkata Malama Hadiza ta kira mu. Ta ce na bututun bayan katangarmu ba iska mai kyau ko kaɗan, ga iskar juji, ga burbushin fetur. Na rijiyarmu kuwa tas, kamar ruwan sama. "Abin da ya ɗaure mini kai ke nan tun jiya," in ji ta. "Tsakaninsu bai wuce tsallaken katanga ba. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, ba yadda za a yi su saɓa haka."

Malam Tanimu ya washe baki. "Ai shi ke nan, Malama. Bututu ba wanda ke sha a ciki. Rijiya ake sha, rijiya kuma ta fita. Ga shaidar unguwa nan, da idonta ta gani, ba wanda ya taɓa kwalba. Ko ba haka ba, Mama?"

Gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya taɓa. Duk tsaron da na yi, shi ya zama masa hujja. Suna dubana su biyu. A raina na ga tukunyar wankan jego a kan murhu a bayan ɗakina, na ga yarinyar zaune a kan turmi, tururi ya rufe ta.

Na ce, "Wannan ba ruwan rijiyarmu ba ne."

Na faɗa musu duka, da gayyar da amalanken. Malama Hadiza ta dafe kai, ta yi dariyar da ba ta shirya ba, sannan ta ce, "Allah sarki Baba." Malam Tanimu kuwa, ranar na fara ganin leɓunansa a haɗe. Ya ce, "Mama, kin san abin da kika yi? Yanzu duk rijiyoyin unguwa sai an sake. Da wane ido za ki dubi mutanenku?" Na ce da wanda suka aiko ni da shi. Malama Hadiza ta ce sai rijiyar ta koma ruwanta na asali, a bar damina ta wuce, sannan a sake awo. Na yi lissafin watanni a raina. Ba sai na gaya muku abin da ya fito ba.

A dawowa ba wanda ya saya mini balangu. Na zauna a baya da cinya ba komai, sai na ji kamar na manta wani abu. A Funtua na ce su sauke ni, na hau babur zuwa Tsiga.

Mama Asabe na tarar a tsakar gida tana sheƙe masara. Muka gaisa, aka kawo ruwa. Na yi ta kewaye-kewaye, ina gajiya, yaya rani, sannan na daure na ce, "Maganar da kika yi ce. Rijiyarmu ba ta samu ba. Ki riƙe ta." Na shirya jin irin murmushin nan nata. Ba ta yi ba. Ta ajiye faifai, ta kira ni da sunana ta ce, "Ɗiyarki ɗiyata ce, Saratu. Ruwan dai ba zai kai naki daɗi ba." Da ta yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

Na shiga ɗakin yarinyar. Ta yunƙura da ƙyar za ta durƙusa, na ce ta zauna. Ni ba mai yawan magana da ita ba ce, 'yar fari ce, ko sunanta ba na kira. Ta dube ni tana murmushi.

"Mama, an buɗe? Ran nawa zan taho?"

Sai a lokacin na ga jakarta a bayan ƙofa, cike, an ɗaure bakinta da igiya, da sabon baho a kife a kai. Na sunkuya na sauke bahon, na kwance igiyar da hannuna, na fara mayar mata da zannuwan cikin akwati ɗaya bayan ɗaya.